Alƙalin da Na Nuna da Yatsa

Ban taɓa nufin zama mai gari ba. Malamin makaranta ne ni, ina zaune a Jega, ina koyarwa a wajen Maiyama, kullum ina kan hanya. Jiharmu a lokacin ba ta gama ƙuruciya ba, don allon da ke ƙofar makarantarmu, in ka ƙura masa ido, za ka hangi sunan tsohuwar jiha a ƙarƙashin sabon fenti. Nakan dawo gida bayan azahar da alli a hannun riga, in rasa abin yi har magariba. Majalisar ƙofar gida ta gundure ni, zancen ɗaya ne kullum: kuɗin albasa, wanda aka ba muƙami, da wanda ya kamata a ce an ba.

Taubashina ne ya jawo mini. Aikin buga takardu yake yi a Aliero, ya riga ni sanin kwamfuta, kuma bai taɓa bari na manta da hakan ba. Wata rana ya zo Jega, ya ja ni wani kafe kusa da tasha mai kwamfuta huɗu, biyu ne ke aiki. Ya buɗe mini wani dandali a intanet inda mutane ke gina garin ƙarya. Kowa ya ɗauki mutum ɗaya a garin, ya riƙa rubuta abin da mutumin nan ya yi da abin da ya faɗa, sauran su amsa da nasu mutanen, labari ya yi ta tafiya ba wanda ya san ƙarshensa.

"Ga aikin raggaye irinka," in ji shi. "Ƙarya ta tsantsa, kuma ba a biyan ko kwabo. Kai da ka iya ta tun muna ƙanana, nan za ka yin suna."

Na zage shi yadda ake zagin taubashi. Mako na zagayowa na buɗe namu da Hausa.

Mu bakwai muka fara, kuma ko suna ba mu iya sa wa garin ba. 'Yan Jega na son suna mai kama da nasu, 'yan Aliero suka ce sai dai a fasa. Aka yi ta ja-in-ja har kowa ya gaji, sunan ya tsaya a Gari kawai. Watan farko kuwa abin dariya ne. A cikin mu bakwai, biyar sarakuna ne, ɗaya sarkin yaƙi, ni kaɗai ne talaka. Gari ya cika da masu ba da umarni, babu mai ɗebo ruwa. Kowa ya shigo sai ya rubuta cewa ya ci kowa da yaƙi, ya fita. Kafin wata na biyu an daina shigowa.

Sai na share komai, na sake gini, na kafa dokoki uku. Ta farko, babu sarauta a Gari, kowa ya nemi sana'a. Ta biyu, ba ka sa wa mutumin wani magana a baki, ba ka kashe masa dabba, ba ka ƙona masa rumbu sai da yardarsa. Ta uku ita ce ta fi nauyi: ba a faɗin sunan gaskiya. Duk mai son shiga sai ya zo ya same ni ido da ido, don kada mutum ɗaya ya riƙe mutum biyu ya riƙa goya wa kansa baya. Ni kaɗai na san wane ne wane. Na ɗauka wannan ƙaramin abu ne, ashe kaya na ɗora wa kaina.

Daga nan Gari ya tashi. Da wayoyin hannu masu shiga intanet suka yawaita, sai abin ya fi ƙarfin kafe. Direbobin tasha suka shigo, da 'yan kasuwar albasa na Aliero, da malaman makaranta, da ma'aikatan jinya. Har mata suka shigo, suna aiko da saƙo ta bakin 'yan'uwansu maza, saboda sun san ba mai sanin su. Aka samu maƙeri, da wanzami, da mai fura, da wani mahaukacin bakin kasuwa da ya fi kowa hankali. In mai fura ta rubuta cewa ta fito da ƙwaryarta, kafin la'asar mutum goma sun saya, biyu sun yi ƙorafin nono ya yi tsami.

Inda mutane suka taru kuwa, ko na ƙarya ne, sai an yi rigima. Wannan ya ce wancan ya gina katanga a filinsa. Wancan ya ce an rubuta jakinsa ya yi kuka alhali bai ba da izini ba. Duk kaina suke zuwa. Ina cikin mota tsakanin Maiyama da Jega, an matse ni da buhunan gero, wayata na ta kuka saboda rigimar katangar da ko bulo ɗaya babu a cikinta. In na yanke hukunci, wanda ya faɗi ya ce na yi son kai don na san fuskar ɗayan. Gaskiya na gaji, har na fara tunanin rufe abin in huta.

A wannan lokacin ne mahaucin da nake sayen nama a wajensa a kasuwar Jega ya yi mini magana. Mutum ne mai matsakaicin shekaru, ba shi da yawan surutu irin na abokan sana'arsa. Yana cikin yanka mini nama, bai ko ɗago kai ba, ya ce:

"Malam, an ce kai ad da garin ga na cikin waya. Ina son ka sa ni."

Na ce madalla, dama ba mu da mahauci a Gari, mutane sai fura suke sha.

Ya ajiye wuƙa. "Pawa ta ishe ni nan, Malam. Tun asuba ni ka yin ta. In na shiga can, alƙali ni ka son zama."

Na yi dariya, kuma har yau ina jin kunyar dariyar nan. A wajenmu barunde, wato mahauci, kowa na cin namansa, kowa na wasa da shi, amma ba a sa shi gaba in ana maganar shari'a ko ilimi. Ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya koya mana haka, a ciki muka tashi. Ni da nake koya wa yara cewa mutane duka ɗaya ne, abin da ya fara zo mini a rai ke nan.

Bai ji haushi ba, ya jira na gama. Sannan ya gaya mini ya yi sakandare har aji uku kafin mahaifinsa ya kira shi bakin teburin nama, kuma shekara da shekaru yana ɗaukar karatun fiƙihu a wajen wani malami a unguwarsu. Ya ce tun yana yaro in ana shari'a yakan tsaya ta taga yana saurare, yana yanke nasa hukuncin a zuci. Ni kuwa ba iliminsa ne ya ja ni ba, gajiyata ce. Ko akuya ce ta ce za ta karɓi rigimar katanga a ranar, zan ba ta. Na ce ya gwada.

"Amma da sharaɗi," in ji shi. "A bar kaza cikin gashinta. Kai ɗai kas sani, kai ɗai za ka sani."

Na ce ai doka ce ma, kada ya damu.

Ƙarar farko da ta zo gabansa ta akuya ce. Akwai wani babban ma'aikacin gwamnati mai mota, wanda a Gari yake riƙe da dillalin albasa, muna ce masa Dillali. Ya rubuta cewa akuyar wani manomi ta shiga lambunsa ta cinye irin albasa kaf, yana neman a ba shi akuyar. Shi kuwa mai akuyar, manomi ne na gaskiya a Mungadi, sai ya hau tudu ko ya shigo Maiyama yake samun sabis, ya yi kwanaki bai leƙo ba. Da ni ne, da na ba Dillali akuya na huta.

Sabon Alƙali ya rubuta cewa ba a yi wa mutum shari'a a bayan idonsa. Ya ce akuya za ta zauna a hannun mai ƙara a matsayin amana har mai ita ya dawo, kuma tunda amana ce, wajibi ne Dillali ya zo kotu kullum ya rubuta abin da ya ba ta ta ci. In ta rame, shi zai amsa.

Gari ya ɗauka. Dillali, a yi masa adalci, ya iya wasa. Kullum sai ya zo ya rubuta cewa yau ya ba ta harawa ta ƙi, sai dusa da kanwa, gobe ta cinye masa hula, jibi ta bi shi masallaci. Mutane suka riƙa shigowa don jin labarin akuya kawai. Da manomin Mungadi ya samu sabis bayan kusan wata guda, ya tarar akuyarsa ta fi shi suna. Alƙali ya saurari kowa, ya sa manomi ya yi wa Dillali dashe na kwana uku, ya mayar masa da akuyarsa. Ba wanda ya ce an yi son kai.

Daga ranar na samu lafiya. Yakan buɗe kotu tsakanin azahar da la'asar, lokacin da nama ya ƙare, kasuwa ta yi sanyi. Na sha ganinsa zaune a kan benci bayan teburinsa, wayar tana cikin farar leda saboda maiƙo, yana dannawa da babban yatsa a hankali, leɓensa na motsi. Kullum da kalma uku yake farawa: Alƙali ya zauna. Ba ya gaggawa, ba ya zagi, kuma in bai sani ba sai ya ce a ba shi kwana biyu. Har ta kai wasu na ɗauko matsalarsu ta gaskiya, rabon gona a Karaye ko saɓani da abokin ciniki, su sa mata rigar wasa su kawo. Yakan gane. Sai ya faɗi abin da ya sani, ya ƙara da cewa wannan ƙarar ta fi ƙarfin kotun Gari, a je a sami malamai.

Aka shiga cacar ko wane ne. Wasu suka ce tsohon magatakardan kotu ne da ya yi ritaya, wasu suka ce malamin babbar makaranta ne a Aliero. Dillali ya fi kowa zaƙewa. Ya tare ni a tasha ya fi sau uku, ya ce in dai ba shi alama, ko unguwa ce. Wata rana ma a gaban teburin naman ya yi mini tambayar, mai teburin na yanka masa hanta. Na ce ban sani ba, mahaucin ya tambaye shi ko a haɗa da kitse.

Wajen shekara biyu muka yi a haka, su ne shekarun da Gari ya fi daɗi. Sai aka fara maganar a haɗu a ga juna. Na ƙi, na ce doka ta hana. Suka ce wanda ba ya so kada ya zo, wanda ya zo shi ya yarda. Kullum maganar ke nan, a waya, a tasha, a ƙofar gida. Ni kuwa ina da wani hali, in aka dame ni da abu sai in yarda don a ƙyale ni, ba don na ga daidai ba ne. Aka sa rana bayan an kwashe albasa, a wani lambun mangwaro a gefen Aliero, aka ce za a yanka rago.

Na je na gaya wa Alƙali. Ya ce shi ba za shi ba. Na ga yadda ya faɗa, na san yana so. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da mutum ke yaba wa kansa. Na ce ai rago na bukatar mai gyara shi, ya zo a matsayin mahaucin da aka ɗauko, ya ga fuskar kowa, ba mai ganin tasa. Ya yi murmushi.

"Ina son in ga mai akuyag ga," in ji shi. "Da mahaukacin bakin kassuwa."

Ranar na riga kowa zuwa. Ni na ɗauko tabarmi, ni na nemo ruwa, ni na yi ta kiran waɗanda suka ɓace hanya. Ko karyawa ban yi ba. Shi kuwa ya kafa tukubarsa can gefe ƙarƙashin wata bishiya, ya yanka rago, ya feɗe, ya hura wuta, yana aiki yana satar kallon masu isowa. Matan ba su zo ba, sun fi mu wayo.

Da aka zauna, kowa ya riƙa miƙewa yana faɗin wanda yake riƙe da shi a Gari. An sha dariya. Ƙaton maƙerin nan da ke ɗaga jaki da hannu ɗaya, ashe wani siririn tela ne mai tari. Mahaukacin bakin kasuwa ma'aikacin jinya ne mai gilashi, ko gaisuwa da ƙyar yake yi don kunya. Manomin Mungadi ya zo a kan babur, ƙura har gira, aka tashi ana tafa masa ana tambayar lafiyar akuya.

Dillali ya zo da babbar riga, ya karɓe taron kamar shi ya haɗa. Ya yi jawabi mai tsawo, ya gode wa kowa har da mai lambu, bai ambace ni ba. Na ji abin a raina, ba zan ɓoye ba. Sannan ya fito da wani farin rawani a cikin leda, ya ce 'yan Gari ne suka haɗu suka saya wa Alƙali, yau za a naɗa masa. Aka duba hagu, aka duba dama, ba wanda ya miƙe. Ya ce wataƙila yana hanya, a kawo nama tukuna.

Naman bai gama gasuwa ba. Dillali ya juya wajen tukuba, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Kai barunde! Tun ɗazu mi ka ka yi? Mutane sun taho tun daga Maiyama, kai kana nan kana wasa da wuta. Ku dai ba ku san girman mutane ba, shi ya sa har kullum nan kuka tsaya."

Mahaucin ya ce, "Yi haƙuri, Alhaji, yanzu." Ya ci gaba da juya nama. Shi bai ɗauke ta da zafi ba, ya saba ji.

Ni ne na ɗauka. Yunwa, da gajiya, da haushin jawabin nan duk suka taru suka hau mini kai. Dillali ya juyo gare ni yana murmushi, rawani a hannu, ya ce, "To Malam, ina Alƙalinmu? Ka bar ja muna rai."

Na ɗaga hannu na nuna tukuba.

"Ga shi can. Wanda kag gama zagi yanzu, shi na. Shi yas sa ka kiwon akuya wata guda."

Magana zarar bunu ce. Tana fita na so in kamo ta, ina. Kowa ya juya wajen tukuba. Na samu abin da nake so, fuskar Dillali ta zube, amma ko daƙiƙa biyar ban ji daɗin ba. Mahaucin na tsaye da wuƙa a hannu ɗaya, tsinken nama a ɗayan. Bai dubi taron ba, ni ya duba.

Ba wanda ya yi rashin mutunci a wurin, ya kamata in faɗi wannan. Wani ya ce ikon Allah, wani ya ce ashe, aka yi 'yar dariya mara ƙarfi. Manomin Mungadi kaɗai ne ya tashi ya je har tukuba, ya rusuna, ya ce, "Allah gafarta Malam, ni na mai akuya." Mahaucin ya miƙa masa wuyan hannu saboda maiƙo. Dillali ya ajiye rawanin a kan benci, ya ce a ba shi in ya wanke hannu. Aka ci nama, aka yaba gashi, aka watse tun kafin la'asar. Shi ya tattara kayansa ya tafi ban samu na yi masa magana ba, ko kuma in faɗi gaskiya, ban nema ba.

Washegari ya buɗe kotu kamar kullum. Alƙali ya zauna. Akwai wata ƙara da ta rage ta iyakar gona, ya yanke ta, kuma hukuncin bai fi na da ba, bai kasa ba. Amsar farko da aka rubuta a ƙarƙashi ita ce, Allah gafarta Malam, a sa mini rabin kilo da hanta. Wani ya zo ya ce a yanka gonar gida biyu tunda Alƙali ya iya yanka. Wanda ya faɗi a shari'ar ya rubuto mini a asirce, ya ce yana ɗaukaka ƙara zuwa wajena. A shekara biyu ba a taɓa ɗaukaka ƙara ba.

Na yi faɗa. Na rubuta dogon gargaɗi, na kori mutum biyu na mako guda, na tuna musu cewa mutumin da suke saya wa rawani jiya shi ne dai yau. Kowa ya ce haka ne, Malam ya yi gaskiya. Aka daina barkwancin, aka kuma daina zuwa. Ba wanda ya ce ya ƙi shi. Rigingimu dai suka koma shigowa wayata kamar da, ana cewa ƙaramar magana ce, ba sai an je kotu ba. Dillali bai sake taka kotun ba. Mata biyu suka fice daga Gari ba sallama, ɗaya ta aiko mini da cewa wanda ya nuna Alƙali zai iya nuna kowa.

Shi kuwa kullum bayan azahar sai ya rubuta kalmominsa uku. Ina cikin mota ina dawowa daga makaranta, in buɗe in gani, babu komai a ƙasa. Manomin Mungadi in ya samu sabis yakan shigo ya yi gaisuwa ya fita. Haka aka yi ta yi har mako uku. Na daina bi ta layin mahauta, na ce wa iyalina nama ya yi tsada, muka koma kifi.

Garin bai mutu ba, kada a ɗauka ya mutu. Ya ma ƙara cika a shekarun da suka biyo, har daga wasu garuruwa ake zuwa ana tambayata yadda ake kafa irinsa, in zauna in lissafa musu dokokina uku kamar ni mai kiyaye su ne. Amma a makonnin nan ba Gari ne a gabana ba, kotun nan ce da ba kowa.

A mako na huɗu na karya dokata da hannuna. Na ƙirƙiri wani baƙo mai haƙar rijiya, na shigar da shi Gari ba wanda ya sani, na sa ya kai ƙara cewa ya haƙa wa wani rijiya ta rufta, ana neman a ɗora masa laifi. Na tsara ta da kyau, na sa mata ƙulli yadda zai ji daɗin warwarewa. Alƙali ya saurara, ya yi tambaya uku, ya nemi kwana ɗaya, ya yanke hukunci mai kyau. Na ji sanyi a raina, har na ga zan iya zuwa kasuwa.

Na same shi yana kankare teburi. Muka gaisa, ya tambayi iyali da makaranta. Na ce a ba ni rabin kilo. Ya ɗauko nama ya fara yanka, kansa a ƙasa.

"Malam, mai rijiyag ga kai na."

Na fara rantse-rantse, ya ɗaga wuƙar kaɗan alamar in bari.

"Mai ƙara da zahin rai shi ka zuwa. Shekara biyu ina jin su. Taka ba ta da zahi, tausai ag gare ta. Ni ko ban shiga garin ga don a yi mani sadaka ba. Ka hidda ni yau, ka ruhe kotun."

Na ce ya ƙara haƙuri, mutane za su manta. Ya ce ba za su manta ba, kuma shi bai ga laifinsu sosai ba, haka suka taras. Sai na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun a lambun. Na ce na ci amanarsa, ya yafe mini. Na ƙara da cewa wallahi zagin da aka yi masa ne ya ƙona mini rai, don shi na yi.

A nan ne ya ɗago kai.

"Yahewa na yahe tun rannan. Amma kak ka ce don ni ka yi, Malam. Zagin ga kullum ni ka shan shi, kana tsaye kana jiran namanka, ba ka taɓa tankawa ba. Rannan mutumin ya ɓata maka rai, kan nemi sandar da za ka bugun shi, ni ak kusa da hannunka."

Wata mata ta iso bayana tana tambayar ko akwai ƙashi. Ya ce akwai, ta ɗan jira. Ya ɗora namana a sikeli, ya ƙara mini gyara kamar yadda ya saba, ya ƙulle a leda ya miƙo mini, ya ce in gai da gida.